Inuwa Ba Ta da Takarda: Rigimar Fili, Mota da Bishiya a Birnin Kano

Idan baƙo ya sauka Kano ya ce a kai shi Durumin Iya, ɗan adaidaita sahu ba zai tsaya tambaya ba, kai shi zai yi. Haka in ya ce Cediyar 'Yan Gurasa, ko Rimin Kira, ko Durumin Zungura, ko Kukar Bulukiya. Rigima sai in baƙon mai son bin diddigi ne, ya sauka ya ɗaga kai yana neman bishiyar da ta ba unguwa suna. A yawancin irin waɗannan unguwanni yaro zai ce masa sunan wurin ke nan kawai. Dattijo kuwa zai nuna masa wani shago da haɓa, ko wata kwana da motoci suka jeru, ya ce a nan take da.

Birnin Kano gari ne da ya riƙe sunayen bishiyoyinsa gam, ya saki bishiyoyin. Kuma ba a rana ɗaya aka yi wannan ɓarna ba, ba kuma gwamnati ɗaya ce ta yi ta ba. Guntu-guntu aka yi ta, kowane guntu da hujjarsa, kuma hujjar da ta fi yawo a 'yan shekarun nan ita ce mota ba ta da wurin tsayawa.

Duk wanda ya zauna cikin gari ya san yadda abin yake farawa. Wata safiya a ga baƙin fuska da igiyar awo da gwangwanin jan fenti a filin ƙofar masallaci, ko gefen makarantar firamare, ko gindin badala. A tambaye su, su ce daga sama aka turo su, wurin fakin za a yi don a rage cunkoso. Kafin la'asar magana ta kai ga mai unguwa. Kafin kwana biyu matasa sun haɗa takardar koke, an tara sa hannu, an tafi gidan rediyo, wataƙila a ji su da daddare a shirin Inda Ranka na Freedom. Abin da suke faɗa kusan iri ɗaya ne daga Gwale har Dala: nan muke sallar gawa, nan ake ɗaurin aure, nan yaranmu suke ƙwallo, nan tsofaffinmu suke shan iska in wuta ta ɗauke. Wani lokaci kukan ya yi amfani, a janye. Wani lokaci a lafa har ƙura ta kwanta, sannan a zo da zarto da asuba.

Akwai dalilin da ya sa Bakano ba ya yarda da kalmar fakin in an ambace ta a kan fili. Ya sha gani. Yau an share wuri an zuba marmara an ce na motoci ne. Baɗi mai shayi da mai faci sun kafa rumfa. Baɗin baɗaɗa an ajiye kwantena, sannan bulo ya hau bulo, a wayi gari bene mai shaguna ya tsaya, motocin da aka sare bishiya dominsu kuma sun koma bakin titi inda suke tun farko. Wurin fakin a Kano sau da yawa sallama ce kawai, baƙon yana baya.

Garin da gona ta fi gida yawa

Yaran yanzu zai yi musu wuya su yarda cewa cikin ganuwar nan an taɓa yin noma. Amma haka ne. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun kewaye gonaki da makiyaya da ruwa, domin in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, a ci a sha a ciki. Baturen nan Hugh Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya ƙiyasta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya hau Dala ya hango gari, cikin abin da ya ja hankalinsa har da dabino da gwanda da suka yi wa gidajen ƙasa ado. Mutanen garin a lokacin, a ƙiyasinsa, kamar dubu 30 ne.

A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi uku da suka raba tsohon birni a tsakaninsu, wato Birni da Kewaye, Dala da Gwale, sun haura mutum miliyan ɗaya, ko da yake iyakokinsu sun tsallake ganuwa. An ƙara shekaru kusan ashirin a kan wannan. Gidan kaka da yake da tsakar gida mai faɗi da kurna a tsakiya da zogale a bayan ɗaki, gado ya raba shi gida shida, kowa ya ta da ɗaki, mai hali ya hau sama. Kurna ita ce ta fara tafiya, don ba ta cikin magada.

Sare kurmi don a yi kasuwa ma ba sabon abu ba ne a Kano, kada mu ɗora wa 'yan siyasar yau abin da ba su fara ba. Sunan Kasuwar Kurmi kansa shaida ne. Kurmin Jakara ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya mayar kasuwa. Littafin Tarihin Kano ya kuma kawo labarin bishiyar tsafi da aka sare a zamaninsa aka gina hasumiyar masallaci a gurbinta. Bambancin kawai shi ne Rumfa ya sare kurmi ɗaya a garin da mafi yawansa fili ne. Kuma da ya gina gidansa, ya bar masa sheka, wato lambunan da ke cikin gidan sarki, waɗanda har yau suna cikin 'yan wuraren da mutum zai ga manyan itatuwa a cunkushe a tsakiyar birni. Katanga ce ta tsare su, da kwarjinin mai gidan.

Filin Idi

Babu inda wannan rigima ta fito fili kamar Filin Idi na Ƙofar Mata. Nan Sarkin Kano yake sallar Idi kafin ya hau, nan dubban mutane suke shimfiɗa darduma sau biyu a shekara. Sauran kwanakin shekara kuwa fili ne da kowa yake ɗan mora: masu motocin da suka zo Kantin Kwari da Ƙofar Wambai, 'yan gwanjo, masu neman inda za su miƙe ƙafa. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, aka yanka wurin aka ba 'yan kasuwa suka gina shaguna. Mutanen gari da malamai da 'yan adawa suka yi ta magana. Gini bai tsaya ba.

Abba Kabir Yusuf ya yi yaƙin zaɓe da alƙawarin dawo da filayen jama'a. An rantsar da shi ranar 29 ga Mayu 2023, kafin mako ya zagayo katafila ta fara aiki: ginin da ke Filin Sukuwa, gine-ginen da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, sannan shagunan Filin Idi. Wanda ya ga kwanakin nan ba zai manta ƙurar ba, da matasan da suka yi dafifi suna kwasar rodi da ƙofofi suna cewa ganima ce. Kalmar rusau ta shiga bakin kowa. Masu shaguna suka garzaya kotu. A Satumban 2023 Babbar Kotun Tarayya a Kano ta ce gwamnati ta biya su diyyar naira biliyan 30. A Disamba aka yi sulhu a kan biliyan 3.

Ga abin da ya tsaya mini a rai game da wannan shari'a. Kotu ta iya lissafa asarar mai shago, domin mai shago yana da takarda: ga ta yanka fili, ga ta izinin gini, ga rasit. Wanda ya rasa inuwar da yake zama, ko sahun da yake tsayawa ranar Idi, ba shi da abin da zai miƙa wa alƙali. An yi shekaru ana fafatawa a kan filin nan, da sunan siyasar Kwankwasiyya da Gandujiyya, an gina, an rushe, an biya, amma a duk cikin lissafin babu layin da aka rubuta bishiya. Gini yana da jam'iyya, rusau ma yana da jam'iyya. Darbejiya ce ba ta da uban gida.

Tushen abin yana cikin doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana. A da can, filin unguwa a cikin gari abu ne da kowa ya san na jama'a ne, mai unguwa da dagaci da hakimi su ne shaida, babu mai buƙatar rubutu. Da aka koma zamanin fayil, abin da yake na kowa ya zama ba na kowa ba a kan takarda. Jami'in da ya buɗe taswira a ofis fari fat zai gani, wurin da ba a yi komai a kai ba. Ba zai ga makarantar allon da take zama a gindin cediyar ba, ba zai ga majalisar dattawa ta bayan la'asar ba, ko mai ƙosan da ta aurar da 'ya'ya uku daga wannan inuwa. Hukumar tsara birane ta KNUPDA da ma'aikatar ƙasa suna aiki ne da abin da yake rubuce. Kano ta taɓa samun babban tsari, wanda wani mai tsara birane, Trevallion, ya zana na shekara ashirin daga 1963 zuwa 1983, amma garin ya daɗe da yi wa wannan riga girma.

A yi wa mai mota adalci

Ba daidai ba ne a mayar da duk mai neman wurin fakin azzalumi. Lungunan cikin gari don ƙafa da jaki da raƙumi aka yi su. Ɗan kasuwar Kwari da baƙinsa suke zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Njamena yana buƙatar inda za a sauke dila. Mai jinya a Asibitin Murtala yana buƙatar inda zai tsaya. In gobara ta tashi a Kurmi ko Rimi, motar kashe wuta sai ta yi ta fama da motocin da aka jera hagu da dama. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ta cika gari, ita ma kuma tana son wurin tsayawa. Matsalar gaskiya ce.

Sai dai lissafin ba ya fita. Mota ɗaya tana cin wuri mai faɗin mita biyu da rabi da tsawon mita biyar. In aka haɗa da hanyar shiga da juyawa, ya kusa ninkawa. Mota ɗari uku sun cinye filin ƙwallo guda. Ko da za a sare kowace bishiya da ta rage daga Ƙofar Nasarawa zuwa Ƙofar Mazugal, filin ba zai ɗauke motocin da suke shiga kasuwannin birni a yini ɗaya ba. Wato za a rasa inuwar, cunkoson kuma yana nan.

An taɓa gwada wata dabara. A zangon Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka ta da ginin ajiye motoci mai hawa-hawa a Shahuci, kusa da asibiti da Kasuwar Rimi. Tunanin daidai ne: in ƙasa ta yi kaɗan, a hau sama. Amma shi ma wurin bai tsira ba, ya shiga jerin kadarorin gwamnati da aka yi ta ja-in-ja a kansu har gaban kotu a 2020. Mu ma da namu laifin. Bakano yana son ya tsayar da motarsa a bakin shagon da zai shiga, in da hali ma ya miƙo hannu ta taga a ba shi kaya. Tafiyar minti biyar a ƙasa yana ganinta kamar ragin daraja. To amma wa zai so tafiyar minti biyar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, a titin da babu ko reshe? Mun sare inuwar da za ta sa a iya tafiya a ƙasa, sannan muka ce dole kowa ya zo da mota har ƙofa.

A lungunmu akwai wata cediya da na tashi na tarar. A gindinta na yi karatun allo. Shekarun baya wani maƙwabci ya sayi mota, lungu ya yi masa ƙunci, aka yi ta shawara, aka ce saiwarta ma tana fasa katanga, kuma ai an ce da aljanu a kanta. Wannan zance na aljanu, in ka lura, ba ya tasowa sai ranar da wani yake son wurin. Aka sare ta a yini ɗaya, masu gidan burodi suka saye itacen. Motar ta yi shekara huɗu ya sayar. Dakalin yana nan, amma daga hantsi zuwa la'asar ko akuya ba ta kwanciya a kai.

Ruwa ma yana neman wurin fakin

Abin da ya sami bishiya shi ya sami kududdufi. Kududdufan birni ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, suka zama matattarar ruwan sama. Ba wanda zai ce suna da tsafta: sauro, shara, wani lokaci yaro ya faɗa. Amma suna da aiki. Da aka bi su ana cikewa ana yanka filotai, musamman a gefen titin BUK inda badala ta bi, ruwan bai fasa sauka ba. Wurin zamansa kawai aka ƙwace, shi ya sa yanzu in an yi ruwan awa biyu a watan Agusta yake shiga ɗakunan mutane ya zauna. Fili mai ƙasa da bishiya yana shan ruwa. Fili mai kwalta ko siminti tura shi yake yi gidan maƙwabci.

Ita kanta ganuwar, da aka ayyana ta cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1959, aka kuma sa ta a jerin jiran UNESCO a 2007, ba ta tsira ba. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta yi kuka, aka gina sabuwa mai faɗi. Rafin Jakara kuwa, da ya raba birni biyu, an ɗaure shi da kankare a aikin titin Wuju-Wuju da ya daɗe yana tafiyar hawainiya. A Seoul ta Koriya ta Kudu akasin haka aka yi: tsakanin 2003 da 2005 suka rushe babbar gadar mota suka tono rafin da suka binne a ƙarƙashinta, bayan sun gane abin da suka yi wa kansu.

Inda kuka ya yi amfani

A 2020 gwamnatin Kano ta ba da sanarwar za ta kwashe gidan zu ta mayar da shi Tiga, wai gari ya cim masa, hayaniya tana damun dabbobi. Wannan wuri da Gwamna Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970 yana wajen ganuwa, amma babu ɗan birnin da ba a kai shi can yawon Sallah ba. Nan take mutane suka gane ba zaki da jimina ake magana ba, dajin da ke tsakiyar gari ake kallo. Aka yi ca a rediyo da jaridu da Facebook. Har gwamnatin ta sauka a 2023 gidan zu yana inda yake. Ya tsira ne, a ganina, don yana da suna da katanga da iyaka da kowa ya sani, kuma kowa yana jin nasa ne. A Nairobi ma haka 'yar fafutuka Wangari Maathai ta tsaya a 1989 ta hana a gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru, aka zage ta a majalisa, daga baya masu zuba kuɗin suka janye. Babban lambu mai suna yana samun masu kare shi. Cediyar lungu ita ce take mutuwa ba a ji ba.

Darasin da ya fi kusa da mu yana Maraɗi. A can, tun daga 1983, manoma suka koma barin kututturen gawo da kalgo da sabara su tofo a gonakinsu maimakon a tumɓuke, dabarar da wani masanin noma, Tony Rinaudo, ya yaɗa tare da su. Abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata bishiyar da ya raina tasa ce, ba ta ma'aikacin gandun daji ba. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar. Bishiyar da take da mai ita ta rayu.

Birni yana da hanyar yin irin wannan ba tare da aro daga ko'ina ba. Muna da waƙafi. Yadda ake tsayar da masallaci ko rijiya ko maƙabarta a ce ba a sayarwa, ba a gado, ba a kyauta, haka za a iya tsayar da filin unguwa da itatuwansa, a auna shi, a rubuta, a ba kwamitin unguwa da mai unguwa takarda, a shigar da ita kundin ma'aikatar ƙasa. Malamanmu kullum suna faɗa a kan mumbari cewa dashen itace sadaka ce mai gudana. Da za su ƙara da hukuncin wanda ya sare na jama'a don ya ajiye mota, da masu igiyar awo sun riƙa waiwaye. Takarda ba ta hana mai iko yin abin da ya ga dama, Filin Idi shaida ne. Amma ita ce ta sa aka biya masu shaguna biliyan 3.

A daminar 2024 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da dashen itatuwa miliyan 3, a daidai lokacin da ake aikin manyan gadoji a Ɗan Agundi da Tal'udu. An raba dashe kyauta, an ɗauki hoto da shebur. Wanda ya taɓa rainon darbejiya a cikin gari ya san aikin ba a ranar dashe yake ba. Sai an kewaye ta da kwando ko tsohon bulo saboda awaki, sai an sami yaron da zai riƙa zuba mata ruwa tun daga Nuwamba har Mayu, a unguwar da ake sayen jarka a wurin 'yan garuwa, kuma sai an yi haka rani uku a jere. Kafin ta yi inuwar da mutum biyar za su zauna, an yi zaɓe sau biyu.